Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan mujalla, a kuma sakaya sunana, don abin da zan faɗa ko a danginmu ba kowa ya san shi duka ba.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a cikin birnin Zariya, da 'ya'ya uku, mata biyu da autana namiji da ban daɗe da yaye shi ba. Maigidana akawu ne, ni kuma sana'ata aikin allura, irin na matan unguwarmu: a kawo mini babbar riga in zauna a tabarma in yi mata ɗinkin ado na aska da tambari. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau, bakina ma bai mutu ba, in ana hira a tsakar gida muryata ake fara ji. Ban taɓa kwanciya asibiti ba, haihuwa ma duk a ɗaki na yi.

Wata rana ina wanka na ji wani ɗan ƙulli a nonona na hagu, bai fi ƙwallon dabino ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na ce ai ragowar nonon yaye ne ya daskare, zai narke. Bai narke ba, sai ma ƙaruwa. Da ya kai girman goro na nuna wa goggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ta taɓa, sannan ta ce ciwon daji ne. Ta ja mini kunne cewa daji ba ya son ƙarfe, ranar da allurar likita ko wuƙarsa ta taɓa shi, ranar zai fusata ya bazu a jiki duka. Ta ambato mini matan da aka kai asibiti aka yanka, ba wadda ta ga damina ta gaba, kuma wasunsu na san su, na je gaisuwarsu.

Tsoro ya sa na wuce ma inda goggo ta tsaya. Na mayar wa mutane rigunansu ban gama ba, na ce idona ke ciwo. Na ajiye allura, na cire 'yan kunne, ko wuƙar yanka kuɓewa ban yarda in riƙe ba. Goggo ta kai ni wurin wani mai magani a gindin dutsen Kufena, ya ba ni saiwoyin jiƙo da wani baƙin gari da ake kwaɓawa da man shanu a shafa. Da maigidana ya gani ya ce maza in shirya mu tafi asibiti. Na zube ina kuka, na ce in dai zai kai ni to ya fara sayen likkafani. Goggo ma ta kira shi ta yi masa faɗa, shi kuwa mutum ne mai kunyar manya, sai ya bar zancen asibiti.

Damina ta wuce, wata ta shigo. Fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, ga kaluluwa ta fito a hammata ta ƙi tafiya. Na daina zuwa suna da biki. Ni da ake jin muryata daga zaure, na zama sai an yi mini magana sau biyu. In yarana suna cin tuwo sai in zuba musu ido ina tunanin wa zai yi wa matan kitso, wa zai san autan ba ya cin miya mai yaji. Kullum ina shafa baƙin garin nan, kullum hannuna yana gaya mini abin ya ƙaru, amma ban fasa ba.

Ƙanwar maigidana ce ta fitar da ni. Ungozoma ce, tana aure a Tudun Jukun. Ta zo gaishe mu ta ga ina ɗaukar tulu da hannu ɗaya, sai ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa ta ce in sauke zani. Tana gani ta saki salati. Ba ta tsaya gardama da ni ba, ta je ta durƙusa gaban goggo ta ce a ba ta ni ta kai ni asibiti, in wani abu ya same ni ta ɗauki laifin.

Ranar da aka soka mini allura don a ɗebi ɗan naman da za a gwada, kalmar shahada nake ta yi, ina jiran in ji abin ya watsu a jikina. Da sakamako ya fito, likitan, wani dattijo mai haƙuri, ya zaunar da mu. Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kuma ƙwaya ba ta rabuwa ta ƙaru sai an aiko mata da saƙo, kamar yadda nono ke cika in mace ta samu ciki, in aiki ya ƙare saƙon ya tsaya. A wannan ciwo wasu ƙwayoyin ne suka lalace, suka yi kunnuwa fiye da kima, ɗan saƙo kaɗan sai su ji shi kamar ihu, wasu ma ko ba a aiko ba ƙaruwa suke yi. In sun cika wuri sai su ɓalle su bi hanya zuwa hammata, daga nan ƙashi, ko huhu, ko hanta. Na tambaye shi zancen ƙarfe. Ya ce ciwon bai san ƙarfe ba, lokaci kawai yake buƙata, kuma na ba shi. Ya ce matan da ake cewa wuƙa ta kashe su, yawanci sai da ciwon ya riga ya yi tafiya aka kawo su. Na tuna lokacin da abin bai fi ƙwallon dabino ba, na fashe da kuka.

Aka cire nonon, aka kwashe kaluluwar da ke hammata, aka yi ta ƙara mini ruwan magani har gashina ya zube. Goggo ta zo ta zauna a bakin gado tana hawaye. Ban riƙe ta a zuciya ba, abin da idonta ya gani ta faɗa, kuma so ne ya sa.

Yau 'yan shekaru ke nan, ina raye, alhamdu lillahi. Amma likita bai ɓoye mini ba, tunda ya kai hammata ba zai iya yi mini alkawari ba. Tari kaɗan in na yi sai gabana ya faɗi. Kwanan nan bayana ya matsa mini da wani ciwo da ba ya jin shafa, an ce in je a ɗauki hoto. Zan je.

'Yan'uwana mata, abin da na koya shi ne tsoro ba ya tsayar da wannan ciwo, yana ba shi fili ne kawai. Don Allah duk wadda ta ji ƙulli a nononta, ko ba zafi, kada ta jira ya narke, kada kunya ko faɗan manya su hana ta. Maza kuma, in ta yi kuka ku bar ta ta yi, amma ku kai ta.

Ni dai na koma ga allurata. Yanzu zannuwan gado da rigunan matashi nake yi wa babbar 'yata na kayan ɗaki, ita da ko firamare ba ta gama ba. Jiya ta tsaya a kaina tana dariya, wai saurin me nake yi, ita da ba ta da ko saurayi. Na ce mata idona nake gudun ya yi rauni, ta miƙo mini zare.