Aska a Wuyan Baba Mai Agogo

Har yau Buhu ake kiransa, ko da yake buhun ya zazzage. Shekara ashirin da biyu yana aski a ɗan shagonsa mai kujera ɗaya, kuma a da in ya zagaya kujerar sai tumbinsa ya goge madubi. Da gwiwoyinsa suka gaza ɗaukarsa, likita ya yi masa aikin rage ciki. Ban da matarsa babu wanda ya sani. Ina zai sa kansa a ce an yanke masa ciki saboda ci? Sai ya ce tafiya ya yi.

Ƙiba ta tafi, wani abin ya zo. Yanzu in ya sha zaƙi, ko ya kora abinci da ruwa, sai kome ya zube cikin hanjinsa lokaci ɗaya, ba birki. Kafin minti ashirin ga gumi, ga jiri, ciki na murɗawa, hannu na rawa. Likita ya ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, ya guji sukari, in abin ya taso ya kwanta. Kwanciya kuwa! Mutumin da aska ce a hannunsa, wuyan wani a ƙarƙashinta?

Tsoron nan ya koya masa dabara. Dafaffen ƙwai ɗaya yake ci a bayan labule, ya zauna rabin awa, sannan ya miƙa hannu ya duba ko yana motsi kafin ya kira na gaba.

Wata Laraba da hantsi Baba Mai Agogo ya shigo. Tsoho ne mai gyaran agogo a bakin titi, abokin marigayi mahaifin Buhu, kuma bai yarda da injin aski ba, sai aska. Ya ciro lemon kwalba mai sanyi, ya buɗe da kansa.

"Ɗana, dubi yadda ka koma, kamar an rataye riga a ƙusa. Sha, ina kallo."

"Baba, na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Ko hannuna ne ba ka sha daga gare shi?"

To, ya za a yi? Buhu ya kafa kai ya sha rabi. A ransa ya ce gemu ne kawai, minti goma ya gama. Amma tsoho da labari, sai da ya kawo tarihin agogo uku kafin ya jingina kai.

Buhu ya gama kunci ɗaya lafiya. Yana ɗaga haɓar tsohon, aska ta sauka kan maƙogwaro, sai ya ji ɗumi ya taso masa daga ciki. Innalillahi. Gumi ya tsattsafo, zuciya ta hau duka, madubi ya fara lilo. Yana ganin jijiyar wuyan tana harbawa a ƙarƙashin kumfa, dab da bakin askar, ga yatsunsa sun daina jin maganarsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tura shi ɗakin tiyata. Ya kasa ci gaba, ya kasa ɗagawa.

"Buhu," in ji tsohon, leɓe kawai ke motsi, "hannunka ne ke rawa?"

Da hagu Buhu ya kama wuyan hannun damansa, ya janye shi a hankali. Askar ta faɗi ƙasa. Ya zube kan benci, rigarsa sharkaf, ya faɗi kome: aikin, lemon, da wata bakwai da ya yi yana ɓoyewa.

Tsohon ya zauna da rabin gemu, kumfa na bushewa a fuskarsa, har abin ya lafa.

"Da ka faɗa mini, ɗan banza, ai da ruwa na kawo. Tashi ka ƙarasa, ko haka zan fita titi?"

Ya ƙarasa, ba ko ƙwarzane.

Baba bai gaya wa kowa ba, bai kuma canza shago ba. Duk Laraba yana zuwa, ya zauna, ya ɗaga haɓa. Sai dai mutumin da ya shekara ashirin yana minshari a kujerar nan, yanzu idonsa biyu har a gama, yana bin hannun Buhu a madubi.