Ranar da Muka Nemi Kwano

Duk tsawon shekarun da na yi ina hawa ginin mutane da guduma da ƙusa, akwai rufi guda da ba zan manta ba, ko da tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina. Ba wani babban gini ba ne, ɗaki biyu ne da rumfa. Yadda aka samo kwanonsa ne ya zauna mini a rai har yau.

Ni kafinta ne, ɗan kafinta, a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. A garinmu akwai wurin da muke kira gidan tuwo. Wata dattijuwa ce ta fara shi, wadda babba da yaro ke ce wa Gwaggo. Da mijinta ya rasu, sai ta riƙa ƙara ruwan tuwonta tana aika wa tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi nema suka bar su. A hankali abin ya zama na gari. Manoma su kai mata dami da kaka, matan makiyayan da suka zauna a gefen gari su kai nono da man shanu, masu jinya a ƙaramin asibitinmu su zo su karɓa. Aikin ya fi tsanani a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. A watannin nan akwai gidajen da in ba tuwon Gwaggo ba, haka za su kwana.

A rumfar zana take girki, har wata guguwar ƙarshen damina ta kwashe rumfar ta watsar a gonar maƙwabta. Shi ne dattawa suka ce a yi gini na gaske. Aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki saboda ni zan yi rufi. Ajiya kuwa aka ba wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, Kirista ce, ta daɗe a cikinmu har ta fi wasunmu sanin dangin juna. Malama muke ce mata. An zaɓe ta ne don ba ta jin nauyin tare mutum a bakin shagonsa ta tuna masa alkawarin da ya yi.

Kuma alkawari mun sha shi. Muka yi taron gidauniya a filin makaranta, aka ɗauko rumfuna da kujeru, manyan baƙi suka zo da manyan riguna. Kowa ya karɓi lasifika sai ya ambaci abin da zai sa a yi tafi. A ranar, da baki kawai, mun gina bene. Bayan sati guda kuwa wayoyi suka fara shiga ba a ɗagawa, daga baya ma suka daina shiga. Ɗan abin da ya zo hannu shi ya sayi katako da ƙofofi da ƙusa. Katanga gayya aka yi mata da rani, matasa suka kwaɓa jar ƙasa suka buga tubali, magina suka ɗora kyauta. Na kafa katakon rufi na gama, sai aiki ya tsaya cak, babu kwano ko falle ɗaya.

Ga bazara ta shigo. Zafi ya yi zafi, da yamma gabas ta riƙa haɗa gajimare. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san abin da ruwan farko ke yi wa katangar da ba rufi. Wata rana na tarar da Gwaggo tsaye a cikin ginin tana kallon sama ta tsakanin katakaina.

Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ba a hura wuta a cikin ruwa. In katangar nan ta zube, bana ba tuwo. Ni kuma ban san ko zan ga baɗi ba."

Daga nan gidan mai shela na nufa, wani dattijo mai keke da ƙaramar lasifika, wanda ba a gama faɗa masa saƙo yake cewa ya gane. Na ce ya zaga gari da ƙauyukan kusa ya ce ginin gidan tuwo ya tsaya saboda kwano, mai hali ya taimaka ko da falle ɗaya ne, a kai wurin ginin. Ya ce, "An gama, an gama," ya hau kekensa. Ina shagona na jiyo shi daga nesa yana cewa, "Jama'a, gidan tuwo ya tsaya saboda kwano! Mai kwano ya taimaka da kwano, ko guda ɗaya ne!" Na ji, kuma wallahi ban ga wani aibu a ciki ba.

Washegari da hantsi na je wurin ginin ina tunanin ko wani ya ajiye mana tsohon falle. Tun daga nesa na hango abu yana ƙyalli a rana. Da na matso, sai ga kwanukan cin abinci jibge a kan tabarma: langa, samira, fanteka, faranti, har da tasoshi na dā masu nauyi. Tsofaffi mata suna ta isowa, kowacce da nata a kai, wasu kuma da saƙon matan aure da ba sa fita. Maza sun yi cirko-cirko a gindin darbejiya suna dariya har da riƙe ciki. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kafinta, sai ka jera su a sama ka bi da ƙusa!"

Raina ya ɓaci. Na tare mai shela na ce, "Baba, falle na ce maka. Kwanon rufi!"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Kai ka ce kwano, ni ma na ce kwano. Gidan tuwo ne fa. Wa zai ji gidan tuwo na neman kwano ya ɗaga kai sama?"

Da kwamiti ya zauna, yawancinmu cewa muka yi a mayar wa kowa da kayansa. Sai Malama ta matsa kusa da tarin kwanukan. Ta ɗauki wata tasa ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kara a kunne. Sannan ta ce, "Wanda zai iya kallon tsofaffin nan ya ce sun yi wauta, ga su can, ya je ya faɗa da bakinsa. Ni dai na san a kasuwar Gwarzo akwai dillalan da ke neman irin wannan ido rufe. Yanzu ba a yin mai nauyinta." Ba wanda ya tashi. Aka tsaya a kan a ajiye waɗanda suka zo, amma mai shela ya koma ya gyara maganarsa. Ya koma kuwa, har yana nanatawa, "Na rufi, jama'a, na sama!"

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, bayan an gyara shelar, kwanukan da suka zo kashegari sun ninka na farko. Har daga wajen Masanawa da Mainika aka aiko, a ƙulle cikin zannuwa. A ranar dariyar maza ta ragu.

Ina taya Malama ware su, sai hannuna ya kai kan wasu tasoshi a kife cikin juna. Babbar tana da lotsawa a gefen baki. Nan take na gane ta, don ni na lotsa ta ina yaro, na ɗauke ta zan yi ganga da ita ta suɓuce, kuma na sha dukan da har yau ina tunawa. Tasoshin auren Innata ne. Tun tasowata suna jere a bangon ɗakinta, ba a ci a ciki, ba a ara. Duk gabatowar salla sai ta sauke su ta goge da toka da tsamiya har mutum ya ga fuskarsa. Ko lokacin da babu ta kai mana iya wuya ban taɓa jin an yi zancen sayar da su ba.

Na rungumo su na yi gida. Na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye tasoshin a gabanta.

Na ce, "Inna, an fa gyara shelar. Kwanon rufi ake nufi, ba wannan ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai wannan, kafinta na aura, kafinta na haifa. Ni za ka koya wa kwanon rufi? Tun shelar farko na gane."

"To, Inna, me ya sa..."

"Kun yi ta taronku kuna bin masu manyan riguna, ba wanda ya leƙo ya ce mu me muke da shi. Shekaranjiya aka ambaci sunan abin da muke da shi, mu kuma muka fito da shi." Ta ci gaba da tsinkarta, har na ɗauka ta gama. Sai ta ƙara da cewa, "Daminar da babanku ya kwanta, kana Kano wajen aiki, ka taɓa tambaya me ƙannenka suka ci? Ɗauki ka mayar, kada a ce na yi kyauta na biyo baya."

Kunya ta kama ni, ga tausayi, ga kuma wani irin alfahari da ita da ban taɓa ji ba. Na kwashe su na mayar inda na ɗauko.

Ranar kasuwa muka cika bayan a-kori-kura muka tafi Gwarzo, ni da Malama da wasu tsofaffi biyu da suka san darajar kayan. Malama ta yi ciniki kamar za ta cinye dillalan. Da aka zo kan na Inna, sai na ce zan je duba ƙusa. Ƙarya nake, ƙusa tana gida. Ba zan iya tsayawa in ga baƙon hannu yana juya su yana taya su ba.

Abin da aka samu bai kai ga dukan rufin ba, amma ya ci fiye da rabi. Sauran kuwa kunya ce ta biya. Maza suka shiga ɗakunan iyayensu da na matansu suka ga bango fayau. Wani makiyayi ya jawo rago ya ɗaure a gindin darbejiya, ya ce a sayar. Ɗaya daga cikin masu wayar da ba ta shiga ma sai ga bandir guda na kwanon rufi ya aiko, ba tare da lasifika ba.

Ranar da muka hau rufi iska tana fizgar kwanon a hannunmu. Duk wanda ya iya riƙe guduma a garin ya hau. Muna buga na ƙarshe bayan la'asar aka fara yayyafi, kafin mu sauko ruwa ya tsuge. Muka cunkusu a ciki, maza da mata, ƙarar ruwa a kan sabon kwano ta hana kowa jin kowa. Na hango Gwaggo a lungu ta haɗa duwatsun murhu tana hura wuta, ba ta ma jira an share wurin ba. A daminar nan ba a fasa tuwo ko sau ɗaya ba.

Inna ba ta zo ba. Da ruwa ya tsagaita na je na same ta a ɗaki, zaune a ƙarƙashin bangon nan da sawun tasoshin ya fito zagaye-zagaye a jikin farar ƙasa. Na ce mata an gama.

Ta ce, "Ba ya yoyo?"

Na ce, "Ba ya yoyo, Inna."

Ta ce, "To, madalla."

Daga baya da na samu hali na sayo mata sababbi na zamani. Ta yi godiya, ta tura su ƙarƙashin gado, ba ta taɓa jera su ba har Allah ya karɓi abarsa. Gwaggo ma ta riga mu gidan gaskiya, wasu matan suka gaji muciyarta, ginin kuma yana nan ana girki. Ni kuwa har gobe in na shiga kasuwar Gwarzo sai ƙafata ta kai ni layin dillalai, in tsaya ina juya tsofaffin tasoshi ina duba gefen baki. Ban taɓa dacewa ba.

Abin da na koya shi ne, mun ɓata wata da watanni muna roƙon waɗanda muke ganin suna da shi, alhali masu niyyar bayarwa suna cikin gidajenmu, ba wanda ya ga sun isa a tambaye su. Tun daga lokacin, duk aikin gayyar da aka sa ni a ciki, ba na fara lissafa masu hali. Gida nake fara shiga, in durƙusa in gaida tsofaffi, in faɗa musu abin da ake ciki.