Kamyon da Yayana Ya Saya a Damagaram

Yayana madugu ne. Bayan da Nasara suka kama Agadas suka yi ta ɗiban raƙuma don ɗaukar kayan soja, ya ga ayarinsa na ƙarewa a kan idonsa. Sai ya sayar da sauran da suka rage masa, muka tafi Damagaram, ya sayi kamyo sabo fil, wato babbar motar kaya, a hannun wakilin wani kampanin Faransa. Ni ne shofer, don na taɓa yi wa wani Balarabe tuƙi. Wakilin ya miƙa mana takarda mai hatimi, ya ce sunanta garanti: duk abin da ya sami motar a cikin shekara, kampani zai gyara.

Tafiya uku muka yi lafiya, mu kai gishirin Bilma da dabino kudu, mu dawo da gero. A ta huɗu, mun wuce rijiyar Adarbisanat kaɗan, na ji ƙara a gaban motar kamar ana dukan turmi da ƙarfe. Hayaƙi ya tashi, baƙin mai ya zuba a kan rairayi, ta tsaya. Wani mai gyaran motocin soja da ya duba mana daga baya ya ce moter ɗin ne, wato injin, ya fashe daga ciki, ƙarfen kuma da tsagarsa ya fito daga maƙera.

Raƙuman wani maƙwabci ne suka ja ta zuwa gida Agadas. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna kallo, babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi sauƙi.

Muka koma Damagaram da takardarmu. Wakilin ya bar mu a rana har azahar kafin ya kira mu. Ta bakin tafinta ya ce shi mai sayarwa ne kawai, masu ƙira suna Faransa, mu rubuta musu.

Yayana ya ce, "Da ka karɓe ni ranar ciniki, ba ka ce mini kai ɗan aike ba ne."

Tafinta bai juya masa wannan maganar ba.

A Agadas muka sami wani magatakarda na biro, wato ofishin kumandan, ya rubuta mana wasiƙa da Faransanci. Yayana ya sa aka faɗi komai: ranar saye, man da muke zubawa, inda ta tsaya, da abin da mai gyara ya gani. Ya dangwala yatsa. Daga nan sai jira. Duk ranar da jakar wasiƙu ta iso, yakan sa rawaninsa mai kyau ya tafi gidan waya, ya dawo hannu wofi. Da safe yakan goge gilashin motar da gefen rigarsa, ya hana awaki hawa. Muka aika ta biyu. Damina ta wuce, ayarin gishiri ya tafi Fachi ba da shi ba, tari ya kama shi ya kwantar da shi.

Amsar ta zo yana kwance, ni na je na karɓo. Magatakardan ya karanta a ransa, ya daɗe, sannan ya fassara mini. Kampani na baƙin ciki. Motocinsu ba su da aibi. Rairayi da zafin ƙasarmu ne suka kashe moter, ko kuma hannun shofer da bai ƙware ba, kuma garanti bai shafi wannan ba. Ban da haka, shekarar ta riga ta cika.

Na dawo gida, na tsaya a zaure ina neman abin da zan ce. Yayana ya jiyo motsina.

"Ƙanena, ta zo?"

"Ta zo, Yaya."

"Me suka ce?"

Na gaya masa zancen rairayi da na shekara. Na yi niyyar ɓoye sauran, amma ya zuba mini ido har sai da na faɗa.

Can ya ce, "Ina gefenka a ranar. Ban ga ka yi komai ba." Ya juya fuskarsa bango.

Ya tashi daga wannan ciwon, ya rayu wasu shekaru yana dillancin fatu a kasuwa, amma bai ƙara fita garin ba. Maƙera suka sassare motar kaɗan-kaɗan. Ni kuwa sau biyu ana nemana aikin tuƙi, na ce idona ba ya gani sosai. Idon kuwa lafiyarsa lau.