Ɗan Tudu da Baƙin Ruwa

Shekarar da muka baro Tawa muka dawo Yamai ina da shekara goma sha huɗu, kuma a ganina babu abin da ya rage mini in koya a duniya. Babana tela ne. Ya kama shago a unguwar Yantala, ya aika aka kwaso mu: ni, da innata, da ƙanwata Hadiza, da Kaka, mahaifiyarsa. Kaka da ƙyar ta yarda ta zo, tana cewa garin da ake sayen itace ba gari ba ne. Amma da sanyi ya shigo, ita ta fara aiken a sayo shi. Bayan sallar isha'i sai ta hura wuta a tsakar gida, ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafafu. Yaran gidan hayar da muke zaune duka su zagaye ta don jin tatsuniya, har da ƴaƴan Zabarmawan ɗakin ƙarshe, waɗanda rabin Hausarta kawai suke ji, amma ba su taɓa fashi ba.

Ni kuwa na girmi tatsuniya, ko dai haka nake faɗa. Nakan zauna can gefe da littafin lakwal, wato makarantar boko, a hannu, kunnena yana wurinta. Ta sani sarai. Takan ce, "Maigidana, littahin nan naka shahi guda gare shi? Tun ɗazu ban ga ka juya ba."

A lokacin ina da wata matsala da ban gaya wa kowa ba sai Hadiza. Samarin unguwa sun sa mini suna ɗan tudu, wato wanda bai san kogi ba. Da bazara, sa'ad da kogin da ya ratsa garin ya janye, mun sha taka duwatsu mu haye zuwa wani ɗan gungu, wato tsibiri, da ke tsakiya, ruwa bai wuce gwiwa ba. To wata rana, cikin hutun ƙarshen shekara, sai Hamani, wanda shi ne babbanmu, ya ce ɗan tudu sai da rani yake jarumi. Zuciya ta ɗebe ni. Na rantse a gaban kowa cewa ran Asabar zan haye gungun nan da ƙafa, in yanko kaba in kawo shaida.

Ina da hujjata, kuma har yau ina jin kunyarta. A garinmu ruwa bawan sama ne: in an yi ruwa tabki ya cika, in an ɗauke ya kama hanyar ƙafewa. Wata uku ke nan ba a ga ko ɗigo ba. Na ga kogin ya yi faɗi kam, amma na ce wa raina ragowar damina ce, faɗi ne babu zurfi.

Ran Juma'a da dare Kaka ta ƙwanƙwasa murhu da ɗan icce, yadda ta saba buɗe tatsuniya, ta ce, "Baƙuwa ta iso." Yara suka amsa, "A ba ta tabarma!"

Ta ce an yi wani yaro, ana ce masa Ɗan Tabki, don a bakin tabki ya girma kuma ya san halinsa kamar yunwar cikinsa. Wata rana ya je garin da ke da babban gulbi. Samarin garin suka raina shi, shi kuma ya bugi ƙirji ya ce zai haye da ƙafa. Ya tuɓe riga ya shiga. Da ruwa ya kai masa idon sawu sai gulbin ya yi magana. Kaka ta sauke murya nan, ta yi ta ƙasa-ƙasa: "Yaro, ni ba tabkinku ba ne. Ruwana a wata ƙasa aka yi shi, ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Wata da watanni ya yi shina tahiya, yanzu ya iso. Koma." Yaron ya waiwaya, ya ga samari sun zuba masa ido, ya ƙara gaba. Ruwa ya kai gwiwa, gulbi ya sake gargaɗi, ya sake waiwayawa. Ya kai ƙugu, haka. Sai ga shi ruwa ya kai masa ƙirji, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, idanu a bayansa, baƙin ruwa a gabansa.

Sai ta yi shiru. Ta shiga tono dankali.

Yara suka rikice. "Kaka, sai me? Ya haye?"

Ta ce, "Icce ya ƙare. Ku tashi ku kwanta."

Ga itace nan jibge kusa da ƙafarta, kowa yana gani. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na kwanta cike da haushi, ina cewa da safe Hadiza za ta gane kurenta, tunda ita kaɗai na gaya wa.

Duk da haka na je. Wannan nake so mai karatu ya sani, tatsuniya ba ta hana ni shiga ruwa ba. Samari bakwai suna tsaye a gaɓa, na tuɓe na shiga. Sanyin ruwan ya sare ni tun daga idon sawu. Duwatsun da na sani na lalube su na rasa. Da ya kai mini ƙirji sai na ji yashi yana gudu daga ƙarƙashin tafin ƙafata, daidai yadda ta faɗa, kamar ta taɓa shiga. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na waiwaya, ga idanu. A nan ne na tuna cewa labarin ba shi da ƙarshe, kuma a daidai wurin nan ta ajiye shi. Na juya. Na fito, aka kwashe da dariya, nan take Hamani ya canza mini suna zuwa Ɗan Juyi.

Da daren yara suka matsa mata sai ta ƙarasa. Ta ce, "Ya juyo. An yi mashi dariya. Ya zo gida ya ci dankali."

"Shi ke nan?" in ji Hadiza. "Wannan ai ba daɗi!"

"Ke kika sani," in ji Kaka. "Ni dai na naɗe wa baƙuwa tabarma." Ta zaɓi dankali mafi girma cikin toka, ta busa, ta miƙo mini.

Yanzu adabi nake koyarwa a wani lise, wato makarantar sakandare, a unguwar Banifandou, kuma kowace shekara nakan ba ɗalibaina labarin Ɗan Tabki, in tsaya inda ta tsaya, in ce su faɗa mini abin da suka gani. Masu kaifin ido sukan lura babu dodo a ciki, babu aljani, gulbin ma ba mugu ba ne, tunda shi ke ta gargaɗi. Wata yarinya ta taɓa ƙirgawa ta ce yaron ya waiwaya sau uku, amma bai dubi ruwan da yake ciki ba ko sau ɗaya. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don abin da ya kusa cinye ni yana tsaye ne a gaɓa. Sai kuma shirun. Da Kaka ta ce yaron ya nutse, da na ce barazanar tsofaffi ce, na shiga don in ƙaryata ta. Da ta ce ya haye, ta ƙara mini wuta. Da kuwa ta gaya wa babana, duka zan sha, in je wata Asabar a ɓoye. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san ɗan shekara goma sha huɗu ba a ba shi ƙarshen labari, sai dai a bar masa gurbi ya cike da kansa.

Daga baya na ji inda ta samo ilimin kogin. Wata Basarkiya, ƴar masunta, mai kawo kifi unguwarmu ce ta gaya mata cewa bayan jan ruwan damina akwai baƙin ruwa, mai zuwa daga nesa cikin sanyi, ba hadari ba gajimare. Kaka ta tambaya ta koya. Ni da nake ɗan lakwal ban tambayi kowa ba.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Hamani yana nan, taksi yake tuƙawa, kansa ya yi fari. Ya taɓa gaya mini cewa ran nan babu wanda ya zaci zan shiga, kuma dariyar da suka yi rabinta ajiyar zuciya ce. Amma sunan bai janye ba. Ko makon jiya, ina tsallaka titi da ɗana a gefena, ya leƙo ta taga ya ƙwala mini kira, "Ɗan Juyi!" Ɗana ya ɓata rai, ya ce, "Baba, me ya sa kake amsa wannan suna?" Na ɗaga wa Hamani hannu, na ce wa yaron, "Don ina nan da zan amsa."