Hatimin Baba

Tun da idon Baba ya yi rauni, ni nake danna masa hatimi. Shi ne dagacin ƙauyenmu, can bayan Ruwan Bago, sarautar da ya gada kaka da kakanni. Duk mai neman takardar shaidar zama ɗan gari, ni zan karanta, in danna, shi ya sa hannu. Amma fa ni mace ce, rawani ba ya hawa kaina.

Baba ya rasu da damina. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, yayyena maza biyu suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Ga kuma doka tana ta juya masarautu kamar waina, yau a ce fadar Karaye za a kai sunan sabon dagaci, gobe a ce a dakata. Aka kulle hatimi a akwati.

A daidai lokacin 'yata ta samu gurbi a makarantar koyon ungozoma. Sharaɗi ɗaya ya rage, takardar nan, cikin mako uku. Na tafi sakatariya a Rogo. Ma'aikacin ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Hajiya, sai da hatimin dagaci.” Na ce ai hannun nan ne yake danna shi! Ya ce ya sani, amma doka ba ta san hannuna ba.

Na durƙusa wa babban. “Yaya, a buɗe akwatin nan minti ɗaya, ku sa hannu tare.” Ya ce in ya sa suna kusa da na ƙaninsa, ya yarda ke nan kansu ɗaya. Na je wa ƙaramin, ya ce sunan wa zai zo a sama? Kai jama'a! Sarautar da ko keke ba ta taɓa saya wa Baba ba! Wallahi ranar na yi kuka, kuma na haushi ne.

Sai bayan an cire gyaɗa aka naɗa babban. Ni na tuƙa tuwon naɗin, 'yata ta wanke kwanuka. Da yamma ya aiko a kira ni, yana zaune a buzun Baba, ya miƙo min takardar yana murmushi.

“Ta 'yarki na fara dannawa.”

An rufe ɗaukar ɗalibai da wata biyu. Hatimin ma a kife ya danna shi.