Kifayen Dije a Kwalbar Nasara

Ranar kasuwar Filinge ce, a damina ta uku bayan Faransawa sun kafa barikinsu a garin, Kawu Arzika ya dawo daga Yamai. Wata biyu ke nan da sojojin kumandan suka tsince shi cikin masu ɗaukar kaya zuwa bakin kogi, har mata sun fara rage murya in an ambaci sunansa. Sai ga shi da hantsi, ya rame, ƙafafu duk faso, yana rungume da wani abu cikin tsohuwar riga kamar mai ɗauke da jinjiri. Ya zauna gindin aduwar tsakar gidansa ya kware rigar. Kwalba ce mai faɗin baki, ta kai ƙaramin tulu, wadda kukun Nasara ya ba shi bayan an cinye abin da ke ciki. A cikin ruwanta ga 'yan kifaye biyu, kowanne bai wuce yatsa ba, ja wur kamar barkono, da ɗigo-ɗigon shuɗi a kumatu. Kwana shida yana tafe da su, yana sake musu ruwa a kowace rijiya. Ya dubi yaran da suka kewaye shi, ni ce a gaba, har na miƙa hannu. Sai ya kira Dije, ɗiyarsa.

To, ɗiyarsa ce, wa zai ba in ba ita ba? Yau na san haka. A ranar kam ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Dije taubashiyata ce, uwata ƙanwar ubanta ce, darni ɗaya ya raba gidajenmu. Tare muke surfe, tare muke jan guga, tare muke kora awaki zuwa fadama, kuma ba ma rabuwa ba mu tsokani juna ba, ita ta ce ni baiwarta ce, ni in ce ita ce tawa. Duk abin da take da shi ina da irinsa, daga ɗiyar kara har munduwar ƙafa. Ranar nan aka fara samun abin da Dije take da shi ni ba ni da shi, kuma wallahi ban iya haɗiye shi ba.

Ku gane, mu ba mu taɓa ganin kifi ta gefe ba. A tabki bayansa kawai kake hangowa ya wuce, in kuwa ka gan shi sosai to ya mutu. Amma ga waɗannan suna kallonka ido da ido, suna buɗe baki suna rufewa. Unguwa ta tare a gidan Kawu. Har matan da suke zuwa cin kasuwa daga wajen Sanam sukan ratso su leƙa. Dije ta zama sarauniya: wanda ya kawo wa kifayen gara daga suri shi zai fara manna hanci a kwalba, sauran su jira. Ni kuwa na ce in mutu da in bi layi. Na tafi tabki da tsohon zane na kamo 'yar karfasa, na sa ta a kaskon da kaji suke shan ruwa. Launin toka gare ta, ga ta da ci kamar gara, kuma ko kare bai zo kallonta ba. Dije takan leƙo ta kan darni ta ce, "Kulu, ina baiwarki mai launin toka? Ta kwan lahiya?" In yi dariyar yaƙe, in shiga bayan rumbu in yi ta cizon yatsa.

Dabarar da ta zo mini daga garken awaki na ɗauko ta. A wurinmu ba a hana aron bunsuru. In kana da baƙar akuya kana son jan ɗa, sai ka ja ta zuwa gidan mai jan bunsuru, a ɗaure su wuri ɗaya, kuma abin kunya ne mai bunsuru ya ce a'a. Na ce ashe ma abin da sauƙi. Na cika ɗan ƙoƙo da aya, na je na durƙusa kamar yadda manya suke yi, na ce na zo aron jan kifi na kwana uku. Dije ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cinye ayar, ta hana. Na kai ƙara wurin Kaka, wadda ta haifi uwata da Kawu, tana zaune tana ginin tukwane. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kihi ba akuya ba na. Kowane iri da halinai, ki bar su." Na ce ai na ga alfadari a ayarin Nasara, an ce jaki da goɗiya suka haife shi. Ta ce in tashi in ba ta wuri kafin ta shafa mini yumɓu a baki.

Ana nan sai Dije ta sa wani ɗan faffaɗan dutse a kwalbar, kifayen suka share shi suka zuba ƙwai a kai, ƙanana kamar tsabar gero. Ɗaya na tsaye a kansu yana yi musu fifita, ɗaya na zagaye yana tsaro. Dije ta shiga rabon 'ya'yan tun ba a ƙyanƙyashe ba, wance biyu, wane ɗaya. Na tsaya a bakin darni ina jira in ji sunana. Ta dube ni ta kashe ido ɗaya ta ce ni sai na yi mata daka na kwana bakwai. Wasan taubasai ne, na sani sarai, amma ƙyashi ya riga ya toshe mini kunne.

Gero ya fara ƙosawa lokacin, kowa yana gona korar tsuntsaye. Da rana ta take na ce zan koma gida in ɗebo ruwa. Na ɗauko karfasata a ƙwarya, na tsallake darni, na yi bismilla kamar yadda ake yi in za a ɗaure akuya, na juye ta a kwalbar. Na koma gona ina kaɗa gwangwani da waƙa, ina lissafin jajayen 'ya'yan da zan hana kowa gani. Da la'asar muka dawo. Dutsen nan fes, ko ƙwai ɗaya babu. Jan kifi ɗaya ya mutu yana yawo a sama ciki a waje, ɗayan ya laɓe a gindin dutse duk jelarsa ta yayyage, bai kai washegari da azahar ba. Karfasata kuwa, da ta ninka su uku a girma, tana ta shawagi da ƙaton ciki. Ba wanda ya tambayi wa ya yi, duk unguwa an san mai wannan kifi.

Na so Dije ta dake ni. Ba ta yi ba. Ta kwaso karfasar a ƙwarya ta kawo har ƙofar ɗakinmu ta ce, "Ga ta nan, ta ƙoshi." Daga ranar ba ta sake kirana baiwarta ba. Sai ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa, kuma babu dukan da ya kai wannan zafi. Bayan kwana biyu Kaka ta kira ni ta jawo wani sabon kasko daga ƙarƙashin gado, mai faɗi, an shafe cikinsa da farar ƙasa. Ta ce Dije ce ta roƙe ta ta gina mini shi tun ranar da aka ga ƙwai, don jan kifi ya fito sosai a kan fari, ta kuma ce kada a gaya mini sai 'ya'yan farko sun yi ƙwari.

Da aka gama girbi aka sake zuwa neman masu ɗaukar kaya. Kawu ya ce shi ya ɗauki nasa rabon, ya ɗaure kayansa a jaki ya nufi wajen Sakkwato da iyalinsa. Kwalba ba ta jure tafiyar jaki, sai Dije ta bar ta wurin Kaka ta ce a ba Kulu, tunda ita take so. Haka na samu abin da na yi ta ƙyashi a kai. Ban sake ganin Dije ba.

Bara jikana da ya yi lakwal, wato boko, ya kai ni Yamai neman maganin ido. A gidan da muka sauka na tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, wani ɗan inji yana hura masa iska, ga jajayen nan masu ɗigon shuɗi sun fi goma. Na tambaye shi maganar da ta daɗe tana cina. Ya ce akwai irin da suke kusa da juna har su haɗu su haihu, amma ba waɗannan ba, don karfasa a baki take renon 'ya'yanta, ja kuwa a kan dutse. Wata 'yar gidan ta zo ta manna hanci a gilashin ba wanda ya ce ta kawo gara, kuma ni da furfurata na ji tsohon garwashin nan ya motsa. Kwalbar tana ɗakina har yau, na sa mata gishiri, na sa mata kuka, ban taɓa sa mata ruwa ba. Da na yi dakan kwana bakwai ɗin nan.