Tafiyar Asheville da dobul ɗin da na manta ma'anarsa

Da ana mayar da magana baki, da na mayar da abin da na faɗa wa aminina ranar Asabar. Har yanzu raina a ɓace yake, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Mun tashi bayan sallar asuba daga titin Gate City Boulevard, shi ke tuƙi, za mu gasar birij a Asheville. Birij karta ce ta mutum huɗu, biyu-biyu, ba caca ba. Katin iri huɗu ne: sifed da kulob baƙaƙe, hat da daimon jajaye. Ba a yi wa abokin wasa magana ko ishara, sai ta hanyar kira, wato ɗaga katin da ke nuna irin abin da ke hannunka. Shekara goma sha biyu muna wasa tare.

Wasu 'yan wasa idan sun kira "kulob ɗaya" ba kulob suke nufi ba, cewa suke hannunsu na da ƙarfi. Maganinsu a tsoma musu baki da wuri. Tsarinmu na da, in ɗayanmu ya amsa musu da kiran "dobul", yana da tarin sifed da hat. Muna wuce Winston-Salem na ce a canza, dobul ya zama iri biyu masu launi ɗaya: jajaye biyu ko baƙaƙe biyu. A waya na gani.

Ya ce, "Alhaji, ba a sauya doki a tsakiyar kogi."

Na ce, "Malam, tsufa ne ya kama ka."

A gidan man Hickory muka sayi kofi dala uku, ruwan zafi ne kawai aka nuna wa kofi daga nesa. Muka ci wainar da maiɗakinsa ta ƙunsa mana. A kan bonet na rubuta sabon tsarin a takarda, na sa ya haddace. Daga nan hanya ta fara hawa dutse, kunnuwa suka toshe, manyan motoci na nishi.

Zagaye na uku wata tsohuwa ta buɗe da kulob ɗaya. Ina da sifed biyar da hat biyar. Hannuna ya ɗauko katin dobul kamar yadda ya saba a tsohon tsari. Aminina ya bi sabon tsari, ya ɗauka ina da tarin ko dai kulob ko daimon, shi kuma yana da su duka. Ya yi tsalle zuwa kulob huɗu. Kulob ƙwaya ɗaya tak nake da shi. Suka yi mana kaca-kaca.

A gaban mutane na ɗaga murya da Hausa: "Kai wane irin daƙiƙi ne? Shekara nawa ina jan ka!" Ba su ji kalma ko ɗaya ba, amma sun ga fuskarsa.

Da aka tashi muka gangaro awa uku, ina ta ƙuna. A ƙofar gidana ya ce, "Alhaji, duba aljihunka." Takardar ce, da rubutuna.

Sau huɗu na kira shi bai ɗauka ba. Gobe zan je gidansa a Summerfield in tsaya a ƙofarsa har ya buɗe. Don Allah, kada ku canza tsari a hanya. In kuma wasa ya lalace, ku laluba aljihunku kafin ku buɗe baki.